Dutsen Fir'auna a Kumatuna

Shafi na 17

Salamu alaikum mutanena na gida da na ƙetare. Na ga saƙonninku, har da na mai cewa wai ba ni nake rubutawa ba tunda ban taɓa zama a aji ba. To ka sani a jikin motocin Bida na koyi baƙaƙen boko, ina kan buhunan kaya, kuma da yatsa ɗaya nake danna wayar nan. Ni ne Maitama Mai Duwatsu na Kasuwar Kurmi. Mota ta kife da ni a Tegina na fito da ƙafata. Kwalara ta share layinmu ta tsallake ni. Haƙorana ko ɗaya bai girgiza ba, har yau ni nake fasa ƙashin kan rago a gidana.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Aikin yanar ido ne ya kawo ni Kuala Lumpur, wajen 'yata Nuriyya, wadda nake kira Uwata don sunan mahaifiyata ta ci. Digiri na uku take yi a kan gilashin mutanen dā. Tun ranar da na hura gawayi don turaren wuta a benenmu na Danau Kota ƙararrawar gobara ta fitar da mutanen gini duka waje, ta daina barina ni kaɗai. Shi ya sa ran nan ta tafi da ni ɗakin bincikensu, ta zaunar da ni a kujerar lungu, ta ce, "Baba, don Allah da ido kawai."

A kan teburin kuwa ga faranti an shimfiɗa masa farin ƙyalle, an jera duwatsun wuya na Masar, na zamanin Fir'auna. Na wata attajira ce, Datin Salmah, kakanta ya zo da su tun zamanin jirgin ruwa. Ta ba da aronsu ne a gwada, kuma da sakamakon gwajin nan Uwata za ta rufe karatunta.

Uwata ta sauka tarbar baƙi. Meshach, abokin karatunta ɗan Zonkwa, yaron kirki, shi ke nemo mini goro a garin nan, ya juya baya yana kunna na'ura.

Ni kuma na tashi.

Ku fahimce ni. Masagan Bida, masu narka gilashi, sun sha gaya mini daga Masar kakanninsu suka taso da sana'ar gilashi. Tun ina saurayi nake jin maganar. Yau ga na Masar ɗin a gabana, shuɗi, kamar ƙwallon magarya, a tsakiyar jerin. Wane ɗan duwatsu ne zai tsaya da ido?

Kuma ladabi na yi. A kasuwarmu in za ka ɗauki dutsen wani ka gwada, sai ka ajiye naka a gurbinsa. Wanda ya ɗauka bai ajiye ba shi ne ɓarawo. Na kwance zaren wuyana na zaro dutsen marigayiya Bilqis, uwar Nuriyya, shuɗi ɗan Bida, na sa a gurbin. Girmansu ɗaya, kamar tagwaye. Sannan na ɗauki na Fir'auna na ƙwanƙwasa a haƙori, na ɗora a harshe, yadda ake gwada dutse tun kafin a haifi mai na'ura.

Ƙofa ta yi ƙit.

Uwata ce, da Farfesansu, da Datin cikin doguwar riga ruwan ganye. Ban yi shawara ba, harshena ne ya tura dutsen kumatu. Na koma kujerata. Na ce a raina bari su juya, in mayar in ɗauki nawa.

Ba su juya ba. Meshach ya sa safar hannu ya ɗauke farantin gaba ɗaya.

Datin ta dube ni ta ɗan sunkuya.

"Assalamu alaikum, Tuan Haji."

Sallama dole a amsa. Ta hanci na amsa, bakina a rufe. Uwata ta waiwayo ta kalle ni sau ɗaya, ta mayar da kai.

Farfesa ya shafa hannu, ya nuna na tsakiya. Duk duwatsun da ke farantin, na tsakiyar ya nuna. Uwata ta ɗauka da ɗan matsefata, ta sa a gaban na'urar, wata aba kamar abin busar da gashin mata. Layuka suka hau fuskar kwamfuta.

Farfesa ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Suka sake gwadawa.

Meshach ya ja da baya har ya zo kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Baba, akwai matsala fa."

Na ɗaga masa gira.

"Na'ura ta ce wannan ba na Masar ba ne. Wai gilashin kwalba ne. Kwalbar zamanin nan."

Ai na sani. A gabana aka narka kwalbar, ta maganin ciki ce, shekarar da na auri Bilqis.

Datin ta karɓi madubin ƙara girma ta leƙa ramin dutsen. Ba ta daɗe ba. Ta ajiye, ta yi magana a hankali, irin hankalin da ya fi ihu.

"Me ta ce?" Da ido na tambaya, Meshach ya gane.

"Ta ce ba nata ba ne. Nata yana da siririn zare rawaya a bakin rami. Ta ce da hannunta ta jera su jiya."

Zaren nan rawaya kuwa harshena yana kansa.

Farfesa ya je ƙofa ya danna wani abu, jar fitila ta kama. Ƙofar ba ta da mariƙi irin namu, da kati ake buɗe ta, katin kuma ya zura shi a aljihun rigarsa. Ɗakin ba taga. Sanyin esi kamar ɗakin ajiye gawa. Ni da na kwana a ƙarƙashin mota a dajin Tegina ban ji ƙunci irin na ɗakin nan ba.

"Ba mai fita," in ji Meshach. "Sai an gani."

Aka duba ƙarƙashin tebur. Aka duba kwandon shara. Aka ɗaga ƙyalle aka kakkaɓe. Farfesa da kansa ya durƙusa da fitilar waya.

Yawu ya fara taruwa a bakina. In haɗiye, tsoro. In tofar, babu hali. Na riƙa tace shi ta gefe ɗaya, kaɗan kaɗan, ina tare dutsen da turmin haƙori. Kuma abin da ya fi damuna, bayansa ya fara laushi. Wani ɓawo-ɓawo yana saɓulewa a harshena kamar na soyayyar gyaɗa, da ɗanɗanon gishiri da ƙasa.

Farfesa ya miƙe ya yi dogon Turanci. Fuskar Meshach ta canza.

"Baba, ka ji abin da yake cewa? Wai da ɓata ya yi, sai a ce tsautsayi. Amma tunda an kawo mai kama da shi an sa a gurbin, to shiri ne. Wai wanda ya yi ya daɗe yana auna girman dutsen."

Ku ji fa. Ladabin da na yi shi ne ya zama shaidar sata.

"Kuma wai mu biyu kaɗai muka taɓa akwatin da aka kawo duwatsun a ciki. Ni da Nuriyya."

Datin ta nuna ni da haɓa, ta tambayi wani abu. Farfesa ya kaɗa hannu yana ɗan murmushi.

"Me ya ce a kaina?" Wannan karon da yatsa na nuna ƙirjina.

Meshach ya sosa ƙeya.

"Ya ce kai tsoho ne, ido ɗaya a rufe da bandeji, ko farantin ba ka gani sosai. A bar ka ka huta."

Wallahi wannan ta fi komai ƙona mini rai. Ni Maitama, da nake bambance murjani da roba daga tsallaken layi. Saura kaɗan in buɗe baki in gaya masa ko ni wane ne. Dutsen ya motsa, na tuna.

Aka ce Meshach ya juye aljihunsa. Ya zuba a tebur: katin jirgin ƙasa, makulli, waya, da goro guda biyu a naɗe a leda, nawa ne ya kawo mini bai kai ga ba ni ba.

"Boleh, na yarda, ku duba," ya ce. "Har takalmi ku duba."

Ya cire takalmin da kansa. Safarsa ta huje a babban yatsa. Ya yi ƙoƙarin ɓoyewa da ɗaya ƙafar.

Uwata ta juye jakarta ita ma. Ba komai.

Sai Farfesa ya dube ni da kyau a karon farko. Ya nuna kumatunsa, ya nuna nawa.

"Goro ne," Meshach ya yi saurin cewa, sannan ya maimaita masa da Turanci. Ya juyo gare ni. "Baba, ba a cin abu a nan fa. Ya ce ka tofar a kwando."

Farfesa ya turo kwandon da ƙafa har gabana.

Na kalli kwandon. Na ƙarfe ne. Abin da zai faɗa ciki sai an ji ƙararsa a ƙarshen gini.

A nan ne Uwata ta tsaya cak. Ta sake ɗaukar dutsen Bida da matsefata, tun ɗazu ba ta kalle shi da idon gida ba sai yanzu. Ta juya shi. A gefensa akwai ɗan tsagi, wurin da ya ɓantare. Ta san tsagin. Da dutsen nan ta yi haƙori, tana goye tana tsotsarsa a wuyan uwarta, ranar da ta fizge shi ya bugi turmi ne ya ɓantare.

Ta dubi wuyana. Zaren yana lilo, wayam.

Ta yi wa Farfesa magana da sauri, ta janye kwandon, ta zo ta durƙusa a gabana kamar mai gyara mini bandeji.

"Na ce musu ciwon haƙori ne," ta ce, leɓenta ko motsi ba ya yi. "Baba. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin ka yi shiru daga hantsi zuwa azahar ba. Ko a jana'izar Umma sai da ka ba da labarin Tegina."

Na kalli silin.

"Yana bakinka?"

Na gyaɗa kai.

Ta rufe ido.

"Lafiyarsa ƙalau?"

Na ɗan karkata kai, wato da sauƙi.

"Inna lillahi. Baba, ko numfashi ba ma yi a kansa. Da safar hannu muke taɓa shi. Shekara dubu uku yana cikin yashi ba ruwa."

Na so in ce mata ai gilashi ba ya jin yawu, na Bida a kogi ake wanke shi. Ban samu baki ba.

"Me ya sa ka sa na Umma a wurin?"

Na buɗe tafin hannuna biyu, na nuna ɗauka, na nuna ajiyewa.

"Na gane. Ladabin kasuwa." Ta yi wata dariya da ba sauti. "Nan ba Kurmi ba ce, Baba. Nan in ka faɗi haka kurkuku ne. Ba mai yarda."

Ta zaro tishu daga hannun riga ta dunƙule a tafinta.

"Yi kamar tari ya kama ka."

Na sunkuya. Na fara turo dutsen gaba da harshe. Sai inuwa ta rufe mu. Datin ce, tsaye a kanmu da kofin ruwa, tana murmushin tausayi.

"Minum, Tuan Haji."

"Ta ce ka sha ruwa," in ji Uwata.

Na karɓi kofin da hannu biyu. Na sa a leɓe na jiƙa gashin baki na sauke. Datin ba ta tafi ba. Ta ja kujera ta zauna dab da ni, tana magana, idonta ya kawo ruwa. Uwata tana fassarawa kamar wadda ake zare wa magana da ƙarfi.

"Ta ce ka yi haƙuri an tsare ka da ciwo. Ta ce kana kama da mahaifinta. Ta ce dutsen nan shi ta sa ranar aurenta, uwarta ma shi ta sa, kuma wata mai zuwa jikarta za ta sa. Ta ce kai dattijo ne, ka san darajar abin gado. Ka yi mata addu'a Allah ya tona asirin wanda ya ɗauka."

Ta ɗaga hannuwa tana jira.

Na ɗaga nawa. Na yi gunguni ta hanci. Ta shafa, ta ce amin.

Ni da na yi ciniki da Buzaye da Larabawan Fezzan ba wanda ya taɓa ɗaure ni, yau mace ta sa na yi wa kaina addu'ar tonon asiri.

Wayar Farfesa ta yi ƙara. Ya saurara, ya kashe, ya dubi Meshach. Ba sai an fassara mini ba, amma Meshach ya fassara, da murya kamar ba tasa ba.

"Kamarar baranda ce kawai take aiki. Ta nuna ni na shigo da akwatin da safe ni kaɗai, na daɗe a ciki kafin ku zo. Masu tsaro suna hawowa. Daga nan 'yan sanda."

Ya zauna a ƙasa, takalmi a hannu.

"Baba, ka san matata Kindness watan haihuwarta ya tsaya. Tana Wangsa Maju ita kaɗai, ko Turancin asibitin nan ba ta gane shi sosai. In suka soke mini biza yau, wa zai kai ta?"

Ya share fuska da hannun riga.

"Kai kana nan ai. Ka ga na taɓa wani abu? Ka gaya musu mana. Ko da hannu ne ka nuna."

Ban iya kallonsa ba. Goron da ya kawo mini yana kan tebur a cikin ledarsa.

Uwata ta matso kunnena.

"Baba, saurara. Kada ka buɗe baki ko me ya faru. Zan ce ni ce."

Na riƙe hannunta.

"Dutsen uwata ne, gaskiya ce wannan. Zan ce ni na musanya, na ajiye na Datin a wani wuri, zan kawo anjima. In mun fita sai ka ba ni."

Na girgiza kai da ƙarfi har dutsen ya bugi haƙori.

"A hankali," ta ce. "Ni korata kawai za su yi, su karɓe karatun. Kai in suka kulle ka da idon nan ba a gama aikinsa ba, ba za ka fito da gani ba. Meshach kuma bai ci ba bai sha ba."

Karatun da take cewa kawai, shekaru ta yi tana yinsa. Ta bar 'ya'yanta biyu a Kano wajen yayarta. Na ga yadda take barci a kan littafi da tabarau a fuska. Ni ne na bi layin Kurmi rumfa rumfa ina cewa 'yata za ta dawo Dakta, wanda bai tashi ya gaishe ta ba kada ya ƙara gaishe ni.

Ta zare hannunta daga nawa. Ƙarfin Bilqis ne a hannun.

Ƙofa ta yi ƙit. Masu tsaro biyu suka shigo, bakin ƙofar suka tsaya suka cike ta. Farfesa ya nuna Meshach. Ɗaya ya kama shi a damtse ya ɗaga, takalmin ya faɗi.

Uwata ta miƙe ta gyara hijabi.

"Prof," ta ce.

Kowa ya juyo.

To jama'a, ni ban san Turanci ba, ban san Malay ba. Amma akwai tsawar da na yi wa ɓarayin hanya a Birnin Gwari suka watse, akwai wadda na yi a gobarar layinmu aka ji ni a Jakara. Ita ce ta taso mini daga ciki. Na miƙe tsaye, kofin ya kife, na manta da komai, na haɗe muƙamuƙi don in daka tsawa in ce "Kai!"

Ƙaras.

A cikin kaina na ji ta, amma ɗakin ya yi shirun da na tabbata kowa ya ji. Mai tsaron ya saki Meshach. Uwata ta dafe baki da hannu biyu.

Haƙoran nan da nake taƙama da su, ko gezau ba su yi ba.

Na taka har gaban Datin. Na buɗe tafin hannuna, na sunkuyar da kai, na tofa.

Shuɗi, a jiƙe, da siririn zarensa rawaya. An raba shi tsaf ta kan rami.

Rabi ɗaya.

Na zagaya harshe kumatun dama. Na zagaya na hagu. Na bi ƙarƙashin harshe, na bi bayan turame. A can ƙasan maƙogwarona wani abu mai kaifi yana gangarawa a hankali.

Datin ta kalli tafin hannuna, ta kalli bakina, ta faɗi kalma biyu.

Uwata ta juyo, fuskarta ba jini.

"Baba, ta ce ina sauran?"